Yadda ake gane malam-buɗe-littafi mai zabura, da renon tsutsarsa a Kaduna

Masana suna kiran wannan dangi Hesperiidae, kuma jinsinsa ya haura 3,500 a duniya. Mu za mu ce masa mai zabura, don ba ya shawagi kamar 'yan'uwansa: fit ya tashi, fit ya sauka.

Fara da ƙahonninsa. Na sauran malam-buɗe-littafi suna ƙarewa da ɗan kulki, nasa kuwa bakin ya lanƙwashe kamar ƙugiya. Kai faffaɗa, idanu manya, jiki kakkaura, launi galibi ruwan ƙasa. Shi ya sa ake ɗaukarsa ƙwaron fitila. Sai zamansa: waɗanda tsutsarsu ke cin ciyawa sukan ɗaga fikafikan gaba su shimfiɗa na baya.

Lokacin nema shi ne Agusta zuwa Oktoba, daga ƙarfe 9 zuwa 11 na safe, a fadamun bakin Kogin Kaduna, gefen gonakin shinkafa da rake, ko cikin ciyawar gamba. Ɗauki hoto biyu, na sama da na ƙarƙashin fiffike. Hoton sama kaɗai ba ya raba Borbo da Pelopidas, ire-iren mai zabura biyu masu kama da juna, sai an ƙirga ɗigon fari na ƙasa, kuma ko gwanaye kan yi kuskure a nan.

Wanda ya fi cancantar a jira shi ne Coeliades forestan, babba mai farar ɗamara a ƙarƙashin fiffiken baya. Reshensa ne ya fara rabuwa da sauran dangin, kuma yau a Afirka, Asiya da yankin Ostareliya kaɗai ake samun wannan reshen. Amma burbushin ɗan'uwansa, Protocoeliades, mai kimanin shekara miliyan 55, a Denmak aka tono shi, tun zamanin da Turai ke da ɗumi. Ƙananan masu cin ciyawar kuwa daga baya suka yawaita, kuma yaɗuwar filayen ciyawa ta buɗe musu hanya.  Kowane reshe da irin tsiron da tsutsarsa ke ci, don haka rubuta sunan tsiron da ka tarar da tsutsa a kai: ciyawa ko shinkafa na nuna reshen su Borbo da Pelopidas, dangin taramniya na nuna Coeliades, dangin rama da hankufa na nuna ƙananan Spialia masu zanen baƙi da fari.

Reno ya fi kamu amfani. Nemi ganyen da aka naɗe tsaye aka ɗinke da farin zare, da alamar ci a gefensa. Kada ka buɗe da ƙarfi. Yanke ganyen gaba ɗaya, ka sa a robar lita ɗaya, da takarda mai tsotse ruwa a ƙasa, ka rufe bakin da yankin gidan sauro. Tsutsa ɗaya ko biyu a roba, ba ƙari.

Kullum a sa sabon ganye na tsiron da aka same ta a kai, a zubar da kashinta. Canja tsiro yakan sa ta ƙi ci har ta mutu. Ganye jiƙaƙƙe da murfi a toshe suna kawo hunhuna. Rana kai tsaye tana dafa ta. Tururuwa kuwa, ɗora robar a faranti mai ruwa. Ganyen gonar da aka yi wa feshi ma guba ne.

Idan ta daina ci ta lafe cikin naɗin, bar ta; ta shiga matakin rikiɗa, kuma a ɗumin Kaduna yakan ɗauki mako ɗaya zuwa kwana goma. Sa ɗan kara a tsaye don malam-buɗe-littafin da zai fito ya rataya ya busar da fiffike, in ba haka ba ya fito a tauye. In ka ga ƙananan fararen ƙwanso a jikin tsutsar, ɗan ƙaramin zanzaro ne ya riga ya yi mata ƙwai tun a gona. Ajiye ƙwanson tare da kwanan wata da wurin da ka samo ta.