Kurakuran da ke kashe mana itatuwa a Katsina da Daura, da yadda za a gyara su

Duk shekara idan damina ta kankama ana rabon dashen itatuwa a makarantu da masallatai da bakin hanya. Amma ka koma wurin da bazara, sau da yawa rami kawai za ka tarar da busasshen tsinke a ciki. Abin yana ci mini rai, domin Katsina na cikin jihohi 11 na Arewa da hamada ke yi wa barazana, waɗanda aka sa cikin shirin kafa shingen itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Manomin Mai'adua ko Zango ko Baure ya san yadda iska ke kwashe ƙasar gona, ta binne gero yana ɗan tsiro.

Kuskuren farko shi ne makara. Ruwanmu daga Yuni zuwa Satumba ne, wanda ya dasa a ƙarshen Satumba kuwa ya miƙa dashensa ga hunturu tun bai kafa saiwa ba. A dasa a Yuli, bayan ƙasa ta sha ruwa, don ruwan Agusta ya same shi a zaune.

Sai batun ledar da aka raini dashen a ciki. Wasu da ita suke binne dashen, saiwar ta yi ta kewaye a ciki har ta shaƙe. A tsaga ta da reza a cire a hankali, kada ƙasar da ke jikin saiwa ta warwatse. Ramin ya kai kamu guda a zurfi da faɗi, a gauraya ƙasar da takin da ya ruɓe sosai. Ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake yi, takin da bai ruɓe ba kuma yana janyo gara.

Da an gama girbi an saki dabbobi, akuya ɗaya ta isa ta cinye wahalar wata huɗu. A kewaye dashe da ƙayar magarya ko aduwa, ko a jera bulo a bar ƙofofin shan iska, a kuma bar shingen har itacen ya fi ƙarfin bakin akuya. Wajen ban ruwa, yayyafin kullum da tsakar rana yana sa saiwa ta tsaya a sama. Gara bokiti guda da yamma, sau biyu a mako, a ɗan kwarin da aka bari a gindi. Dogon yaro, wanda wasu ke kira bedi, inuwarsa ba ta da na biyu, amma kada a manna shi da katanga, saiwarsa na tsaga gini. Itacen turare kuwa mai shan ruwa ne ƙwarai, a nisanta shi da gona da rijiya.

Kuskuren da ya fi duk waɗannan girma ba a wurin dashe yake ba, a wurin sharar gona yake. Mun saba ɗaukar gonar da aka share fes a matsayin gonar manomin kirki, sai a sare duk wani tohon kalgo da sabara da gawo, a tara a cinna wuta. Alhali kututturen da tohon ke fitowa daga jikinsa yana da tsohuwar saiwa mai zurfi, ba ya neman ban ruwa ko leda. Gyaran mai sauƙi ne: a kowane kututture a zaɓi reshe biyu ko uku mafiya ƙarfi da miƙewa, a yanke sauran a kai gida a yi girki, a riƙa rage rassan ƙasa kowace shekara. Maƙwabtanmu na Maraɗi sun kama wannan hanya tun shekarun 1980, kuma da ita aka dawo da itatuwa a fili mai faɗin kusan hekta miliyan 5 a Nijar. Ƙasarmu da tasu iri ɗaya ce, daga Jibiya ma tafiyar ba ta da nisa.

Gawo ya fi kowa cancantar a bar shi. Da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya tare wa hatsi rana, ganyen kuma ya zama taki. Da rani ya yi kore shar, dabbobi su kwanta a inuwarsa su bar kashi, su ci 'ya'yansa lokacin da ciyawa ta ƙare. Duba geron da ke gindin gawo ka gwada da na fili, idonka zai ba ka amsa.

Masu sassaƙe don magani su ma a yi hattara. Abincin da ganye ya haɗa ta cikin ɓawo yake sauka zuwa saiwa, saboda haka wanda ya sassaƙe itace ya zagaye shi ya kashe shi, ko da zai yi watanni yana tsaye. A ɗebi kaɗan ta gefe guda, daga sama zuwa ƙasa, a bar wurin ya warke kafin a sake komawa. Haka ita ma kuka: a ɗebi ganyen miya daga wasu rassan a bar wasu, don ta samu ta yi fure ta ba da 'ya'ya.