Ku riƙa cin abincin dare tare

Ɗalibai 'yan'uwa na Madina, ku haɗa kanku ku huɗu, ku riƙa cin abinci tare kullum bayan Isha'i.

Faranti guda na shinkafar bukhari da kaza ya fi araha a kan kowa ya sayi nasa. Riyal ɗinku zai kai ƙarshen wata.

Amma babban amfaninsa, wanda bai zo ba kwana biyu za a gane. Haka muka samu wani sabon zuwa kwance cikin duhu, kewar gida ta hana shi barci, littattafansa a rufe.

Lokacin jarrabawa tsarin yakan watse, sai an dage.

In damuwar wani cikinku ta yi nisa, hira ba ta isa ba. Ku raka shi asibiti, ko ku kira 937, layin Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya.