Bututu ya fashe: kurakuran da masu bincike ke ta maimaitawa

Kuskuren da ya fi ƙona rai shi ne goge shaida. Bututu ya huje, sai a kira mai walda, a sa burushin waya ko giranda a share wurin tas, a liƙe, a tada inji. To me kuma za ka bincika? Tsatsar da ka zubar ita ce za ta faɗa maka ko gishirin kuloraid ne ya ci ƙarfen, ko asid, ko ƙwayoyin cuta na ruwan da ya kwana. Fuskar tsagar kuma ita ke nuna inda ɓarnar ta faro. Kada ka haɗa ɓangarorin biyu don ka ga ko sun dace, gogayyar tana kashe alamun. Ɗauki hoto tun bututun na wurinsa, ka rubuta inda ruwa ke bi da gefen da ke sama. Kankare tsatsar cikin leda mai tsabta. Yanka da zarto, nesa da tsagar. Kada ka yanka da wutar gas, tana canza ƙarfen. Ni dai nakan bar kamu ɗaya kowane gefe.

Kuskure na biyu shi ne auna kaurin bututu a bakin hujin kaɗai. Haba! Bi gwiwoyi, mahaɗai, bayan bawul, cikin bututu ta ƙasa, da reshen da aka toshe ruwa ke kwana ciki. A Agusta 2012, a matatar man kamfanin Chevron da ke Richmond a Amurka, bututun da ya fashe ƙarfensa na da ƙarancin silikon, sulfa ya cinye shi fiye da maƙwabtansa. Gutsure biyu a layin bututu ɗaya ba lallai ƙarfe ɗaya ba ne.

Sai masu ganin sitenles, wato ƙarfen da ba ya saurin tsatsa, maganin komai ne. Samfurin 304 da 316 suna tsagewa idan kuloraid ya haɗu da zafi sama da kusan digiri 60. Wanda ya gwada layi da ruwan rijiyar burtsatse bai auna gishirinsa ba, ya bar shi ciki, shi ya jawo.

Bushewar Katsina tana yaudarar mutane. Ruwan Agusta na shiga ƙarƙashin rufin da ake naɗe bututu da shi don riƙe zafi, kwanon rufin na ƙyalli a waje, ƙarfe na ruɓewa ciki. Buɗe ka duba.

Asid ɗin sulfurik mai ƙarfi yana zama lafiya a baƙin ƙarfe, amma da danshi ya sirka shi sai ya fara ci. Kada kuma a haɗa tagulla da ƙarfe mai rufin zinki kai tsaye, a sa abin raba su.