Yadda nake duba kaza marar lafiya, da inda nake samo mata magani

Idan kika wayi gari kika ga kaza ta takure a gefen akurki, ta saki fukafukai, ido a lumshe, ki fara raba ta da sauran tun kafin a zo maganar magani. Ki kifa mata kwando a inuwa, ki ba ta nata kaskon ruwa da ɗan sukari a ciki. Sannan ki tsuguna ki dubi kashinta, ki saurari numfashinta, ki ɗaga fiffike ki leƙa. A nan za ki gane ko ciwon mai magani ne, ko kuwa irin wanda sai rigakafi. Rashin bambance waɗannan biyun shi ke cinye mana kuɗi da kaji a unguwa, domin kowace kaza ta kwanta sai a fasa mata kafso "ja da yalo" a ruwa.

Babbar annobarmu ita ce cutar Newcastle, wadda ke sharar akurki da zarar hunturu ya kama. Kashi kore tsanwa, numfashi da baki a buɗe, wuya ya murɗe kaza ta riƙa juyi, su yi ta faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ba ta da magani, 'yar'uwa. Ƙwayar cutar irin wadda kafso ba ya kashewa ce. Na san ana jiƙa ɓawon maɗaci, ana daka barkono da tafarnuwa, nima na taso na ga iyayenmu suna yi, amma kazar da ta tashi, ƙarfin jikinta ne ya tashe ta. Abin da ke tare cutar shi ne rigakafi, kuma masu lafiya ake yi wa, ba wadda ta riga ta kwanta ba. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana yin wani mai suna I-2, wanda ya fi sauran jure zafi. Ɗigo ɗaya ne a ido, daga ɗan tsako har zakara, a maimaita duk bayan wata 3 zuwa 4. Ni nakan daidaita nawa ya faɗo a ƙarshen damina, kafin iska ta juyo. Akwai kuma LaSota da ake sawa a ruwan sha. Idan shi kika samu, ki hana su ruwa na awa ɗaya ko biyu don su ji ƙishi, ki yi amfani da ruwan rijiya mai tsabta, domin sinadarin da ake sa wa ruwan famfo yana kashe rigakafin, kuma su shanye cikin awa 2. Abin da ya rage a zubar, ba a ajiyewa zuwa gobe.

Akwai wata da ke kama da ita wadda ba a ɓoyewa: murar tsuntsaye. Tun da aka fara tabbatar da ita a Najeriya a 2006, a wata gona a Jihar Kaduna, takan ɓulla lokaci zuwa lokaci. Idan kaji suka mutu da yawa farat ɗaya, kai a kumbure, zanko ya yi baƙi-baƙi, ƙafafu da alamar taruwar jini, kada ki yanka, kada ki sayar, kada yara su taɓa. Ki sanar da ofishin malaman dabbobi na ƙaramar hukumarku, domin tana iya kama mutum.

Kashin jini kuwa yana da magani, kuma yana jin sa idan an yi sauri. Ya fi kama 'yan tsaki da matasan kaji, musamman da damina in ƙasan akurki ta jiƙe. Ki nemi amprolium, ki zuba a ruwan sha gwargwadon abin da aka rubuta a leda, kwana 5 zuwa 7, duk garken su sha. Kada ki haɗa shi da bitamin a kasko ɗaya, domin aikinsa shi ne hana ƙwayar cutar samun wani bitamin. Sai an gama ki ba su. Amma in ba ki kwashe jiƙaƙƙen kashin kin shimfiɗa busasshen ɓuntun shinkafa ko garin katako ba, ciwon zai dawo.

Mura, wato atishawa da minshari da kumfa a ido, ita ce inda tylosin ko oxytetracycline na dabbobi ke da amfani. Ki cika kwanakin ko da kin ga sauƙi, ki kuma duba ko akurkin na samun iska, don zarnin kashi kaɗai yana jawo ta. Ƙurajen da ke fesowa a zanko da gefen ido sauro ne ya fi yaɗa su. Sukan bushe da kansu cikin 'yan makonni. Ki riƙa shafa aidin a hankali ban da cikin ido, ki tabbata kazar tana ganin abinci. Kazar da ke ci tana ramewa, ki zargi tsutsar ciki, piperazine ko levamisole na fitar da ita. Ƙuma da ƙwarƙwata kuma, ki tara musu toka da yashi a busasshen wuri su yi birgima, ki ƙone tsohuwar shimfiɗar kwanci. Ƙafa mai ɓamɓaroki, ki wanke ki lafta mata basilin.

Yanzu inda ake samun maganin. Ni ba na saye a tiren da ya wuni a rana ranar kasuwa, ko da ya fi araha. Shagon magungunan dabbobi nake zuwa, wanda zan ga firji a ciki yana aiki. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ki ƙi karɓar garin da aka ƙulla a farar leda ba suna. Idan aka miƙo miki chloramphenicol ko furazolidone, ki mayar, an hana ba da su ga dabbar da za a ci. Rigakafi kuwa ki je da fulas da ƙanƙara, ki dawo gida kai tsaye. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, saboda haka mu a layinmu haɗa kuɗi muke yi, a sa rana, a bi gida-gida da sassafe kafin a buɗe akurki. Wannan ya fi alheri ma, tunda kajinmu a bola ɗaya suke tono.

Idan ciwon ya ɗaure miki kai, ki ɗauki marar lafiyar, ko wadda ta mutu ba da jimawa ba a cikin leda, a kai asibitin dabbobi. Mu nan Zariya akwai na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, kuma jihohi suna da nasu na gwamnati. Likita yakan buɗe cikinta ya ga abin da ido ba ya gani daga waje. Ki tambaye shi kwana nawa za a jira bayan magani kafin a ci ƙwai ko a yanka, domin maganin yakan zauna a jikinta ya shiga cikin yaranmu. Wadda ta mutu a haƙa rami mai zurfi a binne, kada a jefa a kwata. Sabuwar kaza kuma, ta kasuwa ce ko ta kyautar suna, ta yi mako 2 a keɓe kafin ta shiga cikin naki.