Yadda zaka sa sautin modula ya riƙa karcewa yana kakkaryewa

Modula na'urar haɗa sauti ce (sintisaiza) da ake jona sassanta da kebul. In ka ɗora distoshin, wato kaushin sauti, ka bar shi tsaye wuri ɗaya, nan da nan kunne ke gajiya. Daɗin abin a motsi yake, kuma motsin da kebul ake kawo shi ba da yatsa kaɗai ba.

Fara da osileta, wato sashen da ke samar da sautin, cikin siffofin igiyar sautinta ka ɗauki sain ko tirayangul, kar ka ɗauki sikwaya don ita ba ta ninkuwa sosai. Kai shi VCA tukuna, wato sashen da ke ƙara ko rage ƙarfin sigina, daga nan ka zuba shi cikin mai ninke sauti, irin wanda aka sani a na'urorin modula na Buchla da Serge. Mutane da yawa VCA a ƙarshe kawai suke sawa, amma ninkin yana bin ƙarfin abin da ya shiga ne, to in enbulof (siginar da ke tashi ta sauka a kowane bugu) na buɗe VCA ɗin tun kafin ninki, kowane bugu zai fara da kaushi kamar ana yaga ƙyalle sannan ya lafa ya dawo sumul, wallahi wannan kaɗai ya isa ka wuni a kai.

Sai gilich, wato kakkaryewar sauti. Haɗa nois (sautin shuuu marar tsari) cikin S&H (sashen da ke ɗaukar ƙarfin sigina ya riƙe shi har bugu na gaba), ka buga shi da kulok, wato bugun da ke tafiyar da kiɗan, abin da ya fito ka tura shi kan lokacin dilei, sashen da ke maimaita sauti bayan ɗan jinkiri. Duk bugu lokacin zai yi tsalle, sauti ya tsinke ya karkace. In dilei ɗinka mai cif ɗin PT2399 ne ma ya fi, saboda kana tsawaita lokacinsa yake ƙara datti. Amma don Allah ka bi da CV ɗin, wato siginar da ke juya lokacin, ta atenuweta mai rage ƙarfin sigina, ka rage shi sosai ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, in ka sake shi gaba ɗaya hayaniya ce kawai zaka samu. Kuma ba kowane bugu ne zai fashe ba, sa mai raba kulok ya saki ɗaya cikin huɗu ko takwas.

LFO kuma, wato osileta mai tafiya a hankali, ka tura ta sama da 20Hz ka kai ta kan katof na filta (inda filta ke fara yanke sauti), sautin zai fara gurnani.

Fidbak na ƙarshe: mayar da abin da filta ta fitar cikinta ta miksa, VCA a tsakani. Rage lasifika kafin ka jona, siginar modula irin ta Eurorack na kaiwa wajen bolt 10, kunnenka ba shi da sifiya. In baka da akwatin modula, duk wannan yana yiwuwa a manhajar kwamfuta ta VCV Rack kyauta.