Babi na 7: Gyaran Fitilar Kashe Ƙwari

Darasi na 1: Kafin hannu ya shiga ciki

Wannan fitila ce mai haske shuɗi da ake ratayewa a tsakar gida, ko ɗakin kaji, ko gefen teburin mai shayi. Hasken yana jawo ƙwari, ragar ƙarfen da ke kewaye da ƙwan ita ke ƙone su. Wutar da ke shigowa gidajenmu bolt 230 ce, amma akwai ƙaramar taransifoma a ciki da ke ɗaga ta zuwa bolt 2,000 ko fiye a kan ragar.

To, ku saurara da kyau. Ko an cire filogi, wuta tana iya saura a cikin ragar, domin akwai wani ɗan abu da ake kira kafasita mai ajiye ta. Saboda haka abu uku ne a jere:

Na ɗaya, cire filogi daga soket. Kashe makunni bai isa ba. A zare shi, a gan shi a hannu.
Na biyu, a jira minti 5.
Na uku, a ɗauki sukundireba mai mariƙin roba, a riƙe robar kawai, a sa ƙarfensa ya taɓa ragar waje da ta ciki a lokaci guda. Wataƙila ku ji "tas" da ɗan tartsatsi. Kada ku firgita, ragowar wutar ce ta fita. A sake taɓawa har sai an ji shiru.

Mu maimaita tare: cire filogi, jira, taɓa raga. Hannu a bushe, takalmin roba a ƙafa. Wanda bai haddace ba ya sake karantawa, babu kunya a ciki, sannu a hankali ake koyo.

Darasi na 2: Gane abin da ya lalace

Haske ya dogara da abu uku: dogon ƙwai, sitata, da cok. Sitata ɗan gwangwani ne fari, bai wuce tsawon babban yatsa ba, shi ke tayar da ƙwan. Cok kuwa ɗan akwati ne mai nauyi da ke daidaita wutar da ke shiga ƙwan.

Idan ƙwan yana ƙyaftawa, bakunansa biyu sun yi baƙi, ƙwan ne ya tsufa. Idan bakunan sun yi ja amma tsakiya ba haske, sitata ne ya maƙale. Idan babu komai, ko motsi, a duba soket da wata fitila, a duba fis na cikin filogi, a bi waya a ga ko ɓera ya ci. Wasu fitilun suna da ɗan makunni a ƙarƙashin murfi, in murfin bai zauna daidai ba ba za su kama ba. Mai ƙwai biyu kuma, sau da yawa in ɗaya ya mutu ɗayan ma ɗaukewa yake.

Kada ku manta da ƙarancin wuta. In janareta ya yi nauyi ko wutar ta zo a raunane, ƙwai lafiyayye ma ƙyaftawa yake. A gwada lokacin da wuta ta cika kafin a kashe kuɗi.

Za ku buɗe murfi? Cire filogi, jira, taɓa raga. Kullum a nan ake tuntuɓe: mutum ya ga fitila ba haske, sai ya ɗauka ba wuta. Ƙwai yana iya mutuwa raga tana nan da ranta. Haba jama'a, sau nawa za a faɗa? Wannan ganganci ne, ku daina.

Darasi na 3: Sauya ƙwai da sitata

Cire filogi, jira, taɓa raga. Sannan a kwance sukurorin murfi, a zuba su a murfin kwalba kada su ɓace a ƙasa.

A kama ƙwan a bakunansa biyu, a murza shi kaɗan, kwatan juyi, har ƙusoshinsa su saki, a zaro. Akwai rubutu a jikinsa. Lambar da ke gaban W ita ce ƙarfinsa: 8W tsawonsa inci 12, 15W inci 18. Harufan BL suna nufin ƙwan jawo ƙwari ne. Farin ƙwan ɗaki zai kama, amma ba zai jawo su sosai ba. Mafi sauƙi, a naɗe tsohon a tsumma a tafi da shi wurin masu kayan wuta, ko Sabon Gari in za a shiga Kano, a ce irinsa ake so.

Sitata ana murza shi hagu kaɗan a zaro. Mai alamar S2 na ƙwai ne daga 4W zuwa 22W. A sauya shi tare da ƙwan, ba shi da tsada, kuma tsohon sitata yana kashe sabon ƙwai.

A sa sabo, a murza har ya zauna, a rufe murfi, sannan a sa filogi. Ba kafin nan ba. In bai kama ba za a sake buɗewa, ai kun san abu ukun.

A sauya ƙwai shekara-shekara, gab da damina, ko yana haske, domin ƙarfin jawo ƙwarin yana raguwa ido bai gani ba. Kada a fasa tsohon, akwai sinadarin makuri a ciki mai guba, kuma kada a ba yara.

Darasi na 4: Cok

In sabon ƙwai da sabon sitata ba su kama ba, ko ana jin warin ƙuna, cok ne. A kai wa mai gyaran wuta.

Darasi na 5: Shara da wurin ratayewa

Bayan an fitar da wuta daga raga, a goge matattun ƙwari da ƙurar hunturu da busasshen buroshi. Ban da ruwa. A rataye ta a ƙarƙashin rumfa, nesa da abinci da hannun yara. Shinge da ƙwarin dare take kashewa, sauro kaɗan ne ke zuwa gare ta, don haka a ci gaba da kwana cikin gidan sauro.