Yadda Ake Kallon Tsuntsaye da Ɗaukar Hotonsu, Daga Tsakar Gida Zuwa Fadamar Dagona

Mai son koyon kallon tsuntsaye zai fi cin riba idan ya fara da kaskon ruwa kafin ya kai ga sayen kyamara mai tsada. A samu kasko marar zurfi, a zuba ruwan da bai wuce gaɓar yatsa ba, a ajiye shi a inuwar darbejiya ko mangwaro, nesa da inda kyanwa za ta iya laɓewa. Idan da rani ne, kuma ana sauya ruwan kowace safiya, ba a daɗewa kurciya da hasbiya da gwara za su mayar da wurin mashayarsu, kuma a kansu ne ido zai koyi bambance girma da launi da siffar baki.

Mataki na biyu, wanda ya fi kowanne wuya, shi ne zama. Kowane tsuntsu yana da tazarar da yake yarda mutum ya kusanto, kuma da zarar an ƙetare ta sai ya tashi, saboda haka a zauna wuri guda, a jingina da bango ko gindin bishiya, a bari shi ya matso. Maharban ƙasar Hausa sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa suke ɗaura kan burtu a goshi su sunkuya suna tafiya a hankali har su kai ga abin farauta. Mai ɗaukar hoto ba ya buƙatar burtu, amma yana buƙatar irin wannan natsuwar: tufafi masu launin ƙasa ko kore maimakon farar riga, da barin nuni da hannu, da tafiya a karkace maimakon tunkarar tsuntsu kai tsaye. Idan ya daina kiwo ya miƙe wuya yana duban mutum, to an matsa masa, sai a tsaya cik har ya koma cin abincinsa.

Daga nan ne maganar kayan aiki take shigowa. Madubin hangen nesa mai lamba 8x42 ya wadatar, domin yana kusanto da abu ninki takwas kuma ba ya yawan rawa a hannu. Ga kyamara, gilashin gabanta mai zuƙo nesa, wanda lambarsa ta kai milimita 300 ko 400, shi ne ake fara samun hoto mai kyau da shi. Wanda waya kaɗai gare shi yana iya ɗora idon kyamararta a kan idon madubin hangen nesa ya ɗauka, ko da yake sai an sha gwaji kafin hannu ya saba.

Lokacin ɗauka shi ne daga fitowar rana zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar, domin a sa'annan ne tsuntsaye suke kiwo kuma haske yake da taushi. A sa rana a bayan mai ɗauka, a durƙusa har kyamara ta yi daidai da tsayin tsuntsun, a kuma saita ta a kan idonsa, don hoton da ido bai fito sarai ba ya lalace ko da fukafukai sun yi kyau. Tsuntsun da yake zaune ana iya ɗaukarsa idan an saita saurin buɗewa da rufewar idon kyamara a kan 1/500 na daƙiƙa, amma mai tashi yana buƙatar 1/2000 ko abin da ya yi kusa da haka. Farin tsuntsu irin balbela yakan ƙone a hoto idan rana ta yi ƙarfi, sai a ɗan rage hasken kyamara.

Idan hannu ya faɗa, sai a nufi fadama. Dagona, da ke ƙaramar hukumar Bade a jihar Yobe, tana cikin dausayin Haɗeja da Nguru kuma ɓangare ce ta gandun dajin ƙasa na yankin Tafkin Chadi, don haka sai an nemi izinin ma'aikatan gandun, kuma ya kyautu a tafi da ɗan jagora, a kuma bincika lafiyar hanya tun kafin a tashi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne agwagin daji da sauran tsuntsayen ruwa masu gudun sanyin Turai suke sauka su haɗu da na gida irin su ɗinya da kirinjijiya da zalɓe. Kada a sa ran shamuwa a wannan lokaci, domin ita baƙuwar damina ce, da kaka take komawa kudancin Afirka. Babbar matsalar hunturu ita ce hazo, wanda yake dusashe duk abin da ke nesa, saboda haka a zaɓi ranar da gari ya washe, kuma kada a sauya gilashin kyamara a fili inda ƙura za ta shiga cikinta.

Sheƙa kuwa a bar ta, domin uwar da aka kora daga kan ƙwai tana barinsu ga zafin rana da hankaka. Kafin a bar wurin, a rubuta kwanan wata da sunan wurin da adadin kowane irin tsuntsu da aka gani, sannan a shigar da su manhajar eBird ta tattara bayanan tsuntsaye, inda masu bincike, ciki har da na cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke dajin Amurum kusa da Jos, za su iya amfani da su.